Likita ta ƙi ba yaron maganin fitar da gubar dalma, dan Allah ku fahimtar da ni

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min don kaina ya kulle. Ɗan yayana ne, shekararsa biyu da rabi, tun bayan sallah ba ya cin abinci sai rigima da kuka, ga ciwon ciki ga bayan gida sai an sha fama, 'yar maganar ma da ya fara yi ta tsaya cak. An sha maganin shawara an sha na tsutsa an sha na maleriya shiru kake ji. Da aka je asibiti likitar ta tambayi sana'ar babansa, aka ce mata gyaran batir yake yi na mota da na inbata kuma a soron gidan yake fasa su nan Kurna, shi ne ta sa aka ɗebi jini aka aika gwajin dalma. Sakamako ya fito 33. Ta ce gubar dalma ce babu tantama. To abin da ya ɗaure min kai shi ne ta ce akwai maganin da ke fitar da dalmar daga jiki amma BA ZA TA BA SHI BA yanzu, wai a ɗauke yaron daga gidan a ba shi maganin ƙarin jini a dawo bayan wata a sake gwaji. Ta yaya guba na jikin yaro ga magani kuma a ce a jira? Wata ta turo min hoton wani kafso a WhatsApp wai shi ne kileshan ɗin, wato maganin fitar da dalmar, daga waje ake kawowa, in saya masa?

Abban Zee:
Wslm. Allah ya ba shi lafiya. Ni dai kin san ba na ɓoye magana, da ɗan wani mai kuɗi ne da tuni an ɗaura masa. Ki canza asibiti kawai.

Ummu Sudais:
Allah sarki yaro, Allah ya kawo sauƙi. A dinga ba shi madarar shanu da yawa tana kashe guba.

Nura Famasi:
Wa alaikumus salam Maman Hanif. Kafin komai, dan girman Allah KAR ki sayi kafson nan na WhatsApp. Bari in yi miki bayanin maganin tukuna sai ki ga dalili. Shi maganin kileshan aikinsa shi ne in ya shiga jini ya damƙe dalmar ya riƙe ta gam, su zama abu ɗaya wanda ƙoda za ta iya tacewa, sai su fita tare ta fitsari. Waɗanda ake amfani da su a asibiti guda huɗu ne. Akwai DMSA wanda ake kira saksima, shi kafso ne ana sha ta baki kuma shi aka fi ba yara, Amurka ta amince da shi tun 1991. Akwai EDTA mai kalsiyam, shi ta jijiya ake sawa a ƙarin ruwa sai an kwantar da mutum. Akwai BAL, allura ce a tsoka mai zafin tsiya, asalinta ma Turawan Ingila ne suka haɗa ta lokacin yaƙin duniya na biyu don maganin wata gubar yaƙi, daga baya aka ga tana kama dalma. Sai penisilamin wanda ba a cika fara zuwa kansa ba sai in babu sauran. Duk cikinsu babu na wasa, don ba dalma kaɗai suke kamawa ba, suna tafiya da sinadaran da jiki ke buƙata irin su zinki, EDTA yana iya taɓa ƙoda, DMSA yana iya taɓa hanta ya rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, shi ya sa ake yin gwajin jini kafin a fara da kuma ana cikin sha. BAL kuwa a cikin man gyaɗa ake haɗa shi, wanda jikinsa ba ya son gyaɗa ba a yi masa, haka mai matsalar jini ta gado da ake kira G6PD jininsa zai iya fashewa, kuma kin san wannan matsalar ba baƙuwa ba ce a yaranmu maza.

Abban Zee:
Malam Nura duk mun ji, amma kowane magani ai yana da illa har farasitamol. Tambayarta ita ce me ya sa aka hana yaron.

Dakta Bilki:
Abban Zee tambayar tana kan hanya, kuma wallahi ba maganar kuɗi ba ce, ɗan gwamna aka kawo da 33 abin da za a faɗa masa kenan. Maman Hanif ƙanwata, 33 ɗin nan ma'anarsa maikirogiram 33 a kowace desilita ta jini. Lamba ce mai yawa, kar wani ya ce miki ba komai, Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2021 cewa ta yi daga 5 ma a tashi a nemo inda dalmar ke fitowa, Amurkawa su sun sauko da nasu zuwa 3.5, kuma babu wani adadi da aka ce lafiya lau ne ga ƙwaƙwalwar yaro. Amma shi maganin kileshan ga ƙaramin yaro daga 45 ake fara bayarwa. Kuma ba haka kawai aka zauna aka yanke ba. An yi wani babban bincike a Amurka da yara 780 'yan shekara ɗaya zuwa ƙasa da uku waɗanda jininsu ke tsakanin 20 da 44, wato daidai ajin ɗan yayanki, rabi aka ba su DMSA rabi aka ba su kafson da babu magani a ciki, duka kuma aka gyara musu gidajensu aka ba su bitamin. Sakamakon ya fito a 2001. Waɗanda suka sha maganin dalmar jininsu ta fi saurin sauka a watannin farko, wannan gaskiya ne, amma da aka auna basirarsu da ɗabi'arsu bayan shekara uku babu abin da suka fi sauran da shi, aka sake bibiyarsu da suka kai shekara bakwai nan ma haka. To kin ga an ɗora wa yaro haɗarin magani ba a samu ribar da ake nema ba. Inda maganin ke aiki na gaske shi ne can sama, inda dalmar ke neman kumbura ƙwaƙwalwa ta kashe yaro, a nan kam yana ceton rai.

Sadik Sola:
Dakta ban gane ba, yanzu mai 44 a ce ya tafi gida mai 45 a ba shi? Ɗaya tal fa.

Dakta Bilki:
Sadik a'a ba katanga ba ce. Ita kanta ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniyar ta ce tsakanin 40 da 44 likita zai iya bayarwa in yana shakkar awon, ko an raba yaro da dalmar amma lambar ta ƙi sauka, ko alamomin sun yi tsanani. Shi ya sa likitar ta ce a dawo a sake gwaji, ba sallamarsu ta yi ba. Daga 70 zuwa sama kuma ba ma maganar gida, kwanciya ce, in da alamar ta taɓa ƙwaƙwalwa sai a koma na jijiya da allura.

Maman Hanif:
Dakta ngd Allah ya saka. To amma tsakani da Allah, maganar da ta tsaya masa za ta dawo? Abin da ke hana uwarsa barci kenan.

Dakta Bilki:
Ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba. Ɓarnar da dalma ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwa babu kafson da ke mayar da ita, ko na asibiti ko na WhatsApp. Amma yaro ɗan shekara biyu ƙwaƙwalwarsa tana kan gini, in aka tsayar da shigar dalmar yau, aka gyara ƙarancin jinin, aka dinga yi masa hira da wasa da waƙa ana sa shi cikin yara, da yawa suna ci gaba sosai. Ki gaya wa uwar kar ta zauna tana kallonsa tana kuka, ta dinga yi masa magana ko ba ya amsawa. Abin da za ku sa ido a kai, in ya fara amai ba tsayawa, ko barci mai nauyi a tashe shi ya ƙi tashi, ko tangaɗi in yana tafiya, ko jijjiga, ko tsakar dare ne ku tafi ɓangaren gaggawa na yara ku ce musu yana da gubar dalma ku nuna takardar, kar ku jira ranar da aka ba ku.

Hajiya 'Yar Anka:
Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, aure ne ya kawo ni Kano, amma mu 'yan Zamfara wannan abin mun san shi da idonmu ba a littafi ba. 2010 ne, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta, Abare, Sunke, 'Yargalma, Tungar Daji. Maza su haƙo dutsen zinare su kawo cikin gida, mata su daka a turmin da ake daka hatsi, a niƙa a injin da ake niƙa gari, a shanya a tsakar gida yara na rarrafe a kai, ashe dutsen cike yake da dalma. Yara suka dinga jijjiga suna mutuwa, mutane na cewa iska ce wasu na cewa sanƙarau, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da sabbin ƙananan kaburbura sun yi yawa. Yara sama da 400 suka rasu, a Dareta da 'Yargalma kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar. Injin awon da suka zo da shi iyakarsa 65, yara da yawa in aka sa jininsu ba ya ma iya ba da lamba don sun wuce nan. Kafson nan DMSA shi aka yi ta ba su, warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai har fitsarin yaro da numfashinsa sai ka ji, a buɗe shi a zuba a ɗan abu mai laushi a lallaɓa yaro ya haɗiye, kuma wallahi ya yi aiki, mutuwar ta ragu ƙwarai. Amma abin da nake so Maman Hanif ta ji shi ne wannan, likitocin ba sa fara ba yaran ƙauye magani sai an kankare ƙasar ƙauyen tukuna, in ba wanda ya galabaita ba wanda shi kuma ɗauke shi ake yi a kai asibiti a ajiye shi da uwarsa. Gida gida ake bi da shebur ana kwashe ƙasar sama ana durawa a buhu a kai rami a binne a zubo sabuwa. Bagega saboda kuɗin aikin kwashe ƙasar bai fito da wuri ba yaran garin haka suka yi ta jira har 2013, sai da matasa suka yi ta ihu a intanet a ceci Bagega. Likitoci na nan magani na nan amma ba a bayar ba don ƙasar ba ta gyaru ba. To ke kuma yanzu soronku.

Ummu Sudais:
Innalillahi. Hajiya na tuna ana faɗa a rediyo amma ban san haka abin ya kai ba.

Sadik Sola:
Ai an sake yi a Neja ma 2015, ƙaramar hukumar Rafi wajen Shikira, yara 28 aka ce sun rasu, duk zinaren nan ne.

Nura Famasi:
Abin da Hajiya ta faɗa shi ne zuciyar maganar. Ba yaro kileshan yana kwana a gidan da ƙurar take kamar kwarfe ruwa ne daga ɗaki ana tsaka da ruwan sama kwanon na yoyo. Sannan akwai abin da mutane ba su sani ba, dalmar da ke yawo a jini kaɗan ce, mafi yawanta a ƙashi da haƙori take zama, a babba sama da kashi 90 cikin 100, a yaro wajen kashi 70. Ta jini cikin kamar wata guda rabinta ke raguwa, ta ƙashi kuwa shekaru ake magana har gommai. Maganin ta jini da tsoka ya fi kamawa. Da an gama sha sai ƙashin ya fara sako tasa a hankali, bayan sati biyu uku ka auna ka ga lambar ta sake hawa ko da an bar gidan. Shi ya sa a Zamfara yara da yawa ba zagaye ɗaya suka sha ba. Zagaye ɗaya na DMSA yadda aka saba kwana 19 ne, kwana 5 na farko sau uku a rana sauran 14 sau biyu, kuma da nauyin yaro ake lissafa shi ba da ido ba.

Anti Rabi Kayan Gyara:
Slm. Ni fa ban ce a ƙi asibiti ba amma Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta. Ina da haɗin wankin jini na tsamiya da tafarnuwa da zogale da garin gawayi, yana fitar da duk wani datti da guba ba illa ko ɗaya, har yara suna sha. Mai so ta yi min magana ta gefe.

Admin:
Anti Rabi dokar gida, ba talla a kan maganar mara lafiya. Na bar saƙon ne don a ba ki amsa kowa ya amfana.

Dakta Bilki:
Anti Rabi da girmamawa, gawayi ko na asibiti wanda ake ba wanda ya sha guba ba ya kama dalma, wannan sananne ne, balle na murhu. Tsamiya a yi kunu da ita, zogale a yi kwaɗo, suna da amfani a matsayin abinci, zogale da alayyafo da wake da hanta da kifi da ƙwai duk a ba shi don yaron da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe hanjinsa ya fi zuƙar dalma, haka wanda cikinsa ke fayau ba abinci. Madarar da Ummu Sudais ta ce ita ma a ba shi saboda kalsiyam, amma ba ta kashe guba, kuma in ta yi yawa sai ta cika masa ciki ya ƙi abinci ƙarancin jinin ya ƙaru. Matsalar haɗe-haɗen nan ba wai ba sa aiki kaɗai ba ce, uwa za ta ba yaro hankalinta ya kwanta ta fasa komawa gwaji.

Anti Rabi Kayan Gyara:
To Dakta ku dai komai na gargajiya ba kwa so.

Nura Famasi:
Anti ba gargajiya kaɗai ba, na bature ma in aka yi ganganci kashewa yake. EDTA iri biyu ne sunansu kusan ɗaya, mai kalsiyam shi ne na dalma, ɗayan mara kalsiyam in aka ɗura shi sai ya kwashe kalsiyam ɗin jini zuciya ta tsaya. A Amurka tsakanin 2003 da 2005 an rasa rayuka ta haka, har da wani yaro ɗan shekara biyar mai otizim, lalurar nan da ke shafar maganar yaro da mu'amalarsa da mutane, da aka kai a yi masa kileshan wai zai warke, alhali babu hujjar cewa yana maganin otizim. In a can da duk tsarinsu an yi wannan kuskuren, ina ga kwalbar da aka turo hotonta a WhatsApp ba lambar NAFDAC ba a san wanda ya haɗa ba? Wani ma za ki saya babu komai a ciki sai gari, wani kuma akwai amma ba adadin da aka rubuta ba.

Malam Sani Dala:
Assalamu alaikum. Ina bibiya tun ɗazu. Wata 'yata ta ce min a asibiti an hana su sa wa jariri tozali wai shi ma dalma ne. Ni wannan ya tsaya min a rai, tozali sunna ne, hadisi ya zo a kan ismid, iyayenmu da kakanninmu duk da shi suka tashi kuma ga mu da hankalinmu.

Dakta Bilki:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ba ni da bakin magana a kan hadisi gaban ku. Abin da na sani a ɓangarena shi ne dutsen kwalli mai ƙyalli da aka fi sayarwa a kasuwanninmu, wanda ake niƙawa a zuba a tandu, yawancinsa dutsen dalma ne. A 2011 a birnin Bostan na Amurka an samu wani jariri ɗan asalin Najeriya da dalma a jini, aka bincika gidan kaf ba a ga komai ba sai tozalin da aka kai masa tsaraba daga gida, da aka auna shi kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Kuma ba ta ido kaɗai yake shiga ba, yaro ya murza ido ya kai hannu baki, hawaye ya gangara ta hanci zuwa maƙogwaro, wasu ma har a cibiya suke sawa. Yaro kuma jikinsa na zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba. Mai sayarwa a Kurmi ba mugunta yake ba, shi ma haka ya gada, kuma da ido ba za ka bambance ba, rubutun ismid a jikin kwalba ma ba shaida ba ne.

Malam Sani Dala:
To in haka ne hukuncin a bayyane yake, abin da aka tabbatar yana cutarwa ba a sa wa jariri shi da sunan sunna, jaririn ma ba a ɗora masa komai ba. Amma ya kamata hukuma ta auna na kasuwa ta faɗa mana wanne ne mai kyau, ba a bar mu da zato ba.

Abban Zee:
Malam hukuma kuma? Allah ya ba mu tsawon rai.

Ummu Sudais:
Ni kam kakar yarana in ta zo wankan jego ba ta ga tozali a idon jariri ba sai ta ce an bar shi kamar ɗan mage, yanzu da wane baki zan fara

Hajiya 'Yar Anka:
Ki ce likita ce ta hana, ki ɗora wa Dakta Bilki laifin, ai sun saba.

Maman Hanif:
Jama'a na gode wlh na fasa sayen kafson. Yanzu na dawo daga gidan, yaron mun kai shi wajen Umma a Gwammaja. Amma Yaya ya ce shi ba inda zai kai aikinsa, kuɗin hayar shago ba shi da shi, kuma wai shekara nawa yana yi bai mutu ba. Matarsa ta share soron tas ta ce ai shi kenan. Ga ta da ciki wata biyar ga 'yan biyun farko 'yan shekara shida suna gidan.

Dakta Bilki:
Subhanallah, mai ciki ce ta yi sharar? Dan Allah kar ta ƙara. Tsintsiya tayar da ƙurar take yi ta shiga hanci ta sauka a kan kwanuka da tabarmi. Da jiƙaƙƙen tsumma da omo ake gogewa a zubar da ruwan inda yara ba sa zuwa, kuma ba ita za ta yi ba. In soron ƙasa ne ba siminti ba to dalmar tana cikin ƙasar, ba ta ruɓewa ba ta ƙarewa, sai an kankare an fitar an dama siminti an rufe. Ita da 'yan biyun duk a yi musu gwajin, kar a ce ai su lafiyarsu ƙalau, yawancin yaran da ke da ita ba sa nuna komai sai an shiga makaranta a ga ba sa ganewa a yi ta dukansu. Ita kuma dalma tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi, har wadda ta daɗe a ƙashinta ciki yana sa ta fito, ta faɗa wa masu awo su sani don su duba hawan jini su ba ta kalsiyam. Mai ciki ba a cika ba ta kileshan ba sai abin ya kai matuƙa, to kin ga ita kariyarta ɗaya ce, ta bar wajen. Kayan yaron da kuka kai Gwammaja ma a wanke su, katifar da ya saba kwana a kai a bar ta can.

Sadik Sola:
Gsky mu masu sola muna da hannu a ciki. Tunda wuta ta zama abin da ta zama kowane gida inbata, batir in ya mutu mu ce wa mai gida a sayar wa 'yan gwangwan, ba ma tambayar ina za a kai shi. Ka bi ta wasu lungunan ka ga an fasa da gatari an tuttular da ruwan a kwata ana narka farantan a tukunya a fili yara na tsaye suna kallo.

Baban Walid:
Salam. Ni aikin da ake ta zagi shi nake yi, wajen Ƙofar Ruwa, kuma da shi nake ci da iyali, don haka yayan Maman Hanif na fahimce shi, a ce ka bar sana'a ba a ce ga wata ba magana ce mai sauƙi a baki. Ni dai ba na kai aiki gida. Amma Dakta tunda ake maganar nan jikina ya yi sanyi, ina fama da murɗar ciki da taurin bayan gida an ce min basir ne, ga ciwon kai ga mantuwa, kwanaki aka auna ni aka ce jinina ya hau. Tambayata, mu manya in mun samu kafson nan na gaske ba za mu dinga sha lokaci-lokaci muna wanke jiki muna ci gaba da aiki ba?

Dakta Bilki:
Baban Walid na ji daɗi da ka yi magana, kuma ba wanda ya isa ya zagi neman halak. Amsar ita ce a'a, ba a shan sa a matsayin riga-kafi, a Amurka ma doka ce ta hana masu kamfani ba ma'aikata shi don su ci gaba da aiki cikin dalma, don za ka gajiyar da ƙodarka ne kana zuba sabuwa kullum. Abin da ka lissafa duk suna cikin alamominta a manya, har da raunin hannu ka ga wuyan hannu ya saki, da wani layi mai duhu a dasashi, da raguwar haihuwa, amma wasu cututtukan ma suna kawo su don haka sai gwaji. Ka je babban asibiti irin na Malam Aminu Kano ka faɗi sana'arka da bakinka tun kafin a tambaye ka, ka ce kana so a auna dalma a jini a duba ƙoda, in ba a yi a nan za su faɗa maka inda ake aikawa. A tabbatar daga jijiya aka ɗebi jinin, na ɗan yatsa in da ƙura a fatar yana ba da lambar ƙarya, balle hannu irin naka. Ma'aunin fara magani a manya ya fi na yara sama kuma ana haɗawa da alamomi, sau da yawa matakin farko shi ne a ɗaga ka daga wajen narkawa na wani lokaci a ga yadda lambar za ta yi. Sannan ka ce ba ka kai aiki gida, to kayan jikinka fa? Da su kake komawa Walid ya rungume ka?

Baban Walid:
Da su nake komawa gaskiya. Takalmin ma har ɗaki.

Nura Famasi:
To daga gobe kaya biyu, na aiki ya kwana a shago a leda, takalmi ma haka, ka yi wanka ko aƙalla ka wanke hannu da fuska da sabulu kafin ka hau babur, kuma a daina cin abinci da goro da shan shayi a bakin tukunyar. Takunkumin yadi na korona ba ya tare hayaƙin dalma, sai mai matata na masu feshi. Kayan aikin kuma kar a haɗa su da na yara a wanki.

Baban Walid:
Yaran shagon fa, akwai almajirai biyu da ke taya ni fasa batir, ɗaya bai fi shekara goma sha ɗaya ba.

Dakta Bilki:
Su za ka fara kaiwa gwajin kafin kanka, da Walid. Ƙaramin kuma daga yau a cire shi daga fasawa da narkawa gaba ɗaya, in aike ne ya yi aike. Ka sanar da malaminsu dalili don kar ya tura maka wani a madadinsa.